An ɗauki kiɗan Baba da kamara bayan ambaliya, ko shi ke nan an adana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mushe ne a wata lakol a nan Tawa. Mahaifina makaɗin noma ne a wani ƙauye na kwarin Majiya, gadon gidanmu ne. A daminar 2024 ƙorama ta cika ta ci rabin garin, gangunansa uku suka tafi tare da ɗakin. Mutane sun watse, wasu Madawa, wasu nan Tawa, samari sun tafi ci-rani. Wata ƙungiya ta zo ta yi kwana biyu tana ɗaukarsa da kamara a kan gangar aro, suka ce an adana kiɗan. Tun daga ranar bai sake taɓa ganga ba, ga shi ya haura saba'in. Hankalina bai kwanta ba. Abin da suka ɗauka ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam Mushe. Allah ya mayar da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Kana da gaskiya da hankalinka bai kwanta ba. Bai isa ba, ko kusa.

Wannan magana ta "mun ɗauka, mun adana" ita ce ta fi ba ni wahala a aikin nan, kusan kullum sai na ji ta, daga bakin masu proje har ƴaƴan gida masu kyakkyawar niyya. Haɗarinta shi ne tana kwantar da hankalin kowa a daidai lokacin da ya kamata a tashi tsaye. An ɗauki hoto, an rubuta rahoto, an rufe fayil, tsoho ya koma kan tabarmarsa.

Kai ɗan gida ne, ka fi ni sanin abin da ke cikin gangar noma. Kowane manomi na kirki yana da takensa. Baba yana hango wanda ya fara sanyi a bakin kuyya, sai ya juya gangar ta kira shi, ta ambaci ubansa da kakansa, mutum ya zabura ya yi kirari ya duƙa. To a kwana biyun nan wa ya zabura? Wa ya amsa? Kamara ta ɗauki sautin fata da gula, amma ba ta san taken wane ne ba, ba ta san dalilin da ya sa ba a kaɗa wa ɗan gidan wane taken gidan wane ba, ba ta san lokacin da makaɗi ke sassautawa don rana ta take ba. Bayan shekara ashirin jikan Baba zai saurari faifan ya ji ganga tana ƙara, kamar mai jin yaren da bai iya ba. Kuma hakan ma sai in faifan ya rayu. Na sha neman irin waɗannan ɗauke-ɗauke bayan proje ya ƙare, a ce mini kwamfutar ta lalace, ko wanda ke riƙe da ita ya bar aiki. Iyalin da aka ɗauka kuwa ko kwafi ba a ba su ba.

Kar ka ɗauka ina raina ɗaukar murya. Cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968 take tattara tarihin baka, kuma mun amfana da ita ƙwarai. Amma ɗauka shaida ce, tana taimakon mai koyo in akwai shi. Ita kanta yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun gado irin su kiɗa da waƙa, wadda Nijar ta amince da ita a 2007, abin da ta kira gadon al'ada shi ne wanda ake miƙawa daga zuriya zuwa zuriya, jama'a suna sabunta shi da kansu. Har ta ce a sa masu abin cikin duk wani aikin kare shi. Masu zuwa da kamara suna ambaton yarjejeniyar a takardunsu, wannan sashen ne ba sa karantawa.

Dubi masallacin Yama a nan jiharmu, ginin ƙasa wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya samu kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Hotunansa sun zaga duniya. Da a ce magina sun ƙare, babu wanda ya iya kwaɓa ƙasa da yaɓe, hotunan nan ba za su tare ruwan damina ɗaya ba. Mun ga yadda ruwan 2024 ya rushe tsohon masallacin Damagaram. Ginin ƙasa yana iya tashi kuma muddin akwai hannun da ya iya. Kiɗan Baba ma haka yake, sai dai shi ba a ganin ɓaraguzansa, shi ya sa ba ya shiga lissafin asarar da ake kai wa hukuma. Ana ƙirga gidaje da rumbuna da dabbobi, babu mai tambaya ina makaɗin gari ya koma, ina ungozoma, ina mai gyaran karaya. In an zo raba filaye kuma sai a watsa mutane yadda takarda ta faɗo, makaɗi a gabas, manomansa a yamma.

Game da tallafi, asusun UNESCO yana da ƙofar gaggawa, amma gwamnati ce kaɗai ke iya nema, kuma takardu suna da tafiyarsu ta hawainiya. Ka kai maganar ofishin al'adu na jiha, ka bar musu a rubuce, amma kar ka zauna jira. Shekarun Baba ba za su jira sa hannun kowa ba.

Abin da ke hannunka ya fi wannan sauƙi. Ku nemo masassaƙi da fatar akuya a yi ganga biyu, babba da ƙarama, kuma Baba ne zai zaɓi iccen, shi zai ɗaure, domin ɗaurin ma ilimi ne. Ƙaramar ta yaro ce: jika, ɗan ƙane, ko wani cikin ɗalibanka in Baba ya yarda a fita da abin waje da gida. Shawararsa ce, kar a tilasta masa. Sannan ka nemo mutanen garinku da ke Tawa, ko biyar ne. Ina kyautata zaton shirun Baba na rashin masu taken ne, domin makaɗi ba ya kaɗa wa bango. In damina ta zo ku haɗa gayya a gonar ɗayansu, ko ta aro ce.

Ƙungiyar nan kuma ka koma ka karɓi kwafinku, hakkinku ne, ka tambaye su inda za su nuna shi da izinin wa. In ka samu, ka zauna da Baba ku saurara tare, ka tsayar a kowane take, ya faɗa maka na wane ne, ɗan wane, me gangar ke cewa, kai kuma ka rubuta a littafi da sunayen gidajen. Ka sa yaron ya zauna kusa da ku yana ji.