Amsa ga mai tambaya kan kason magini: a kan me ake ɗora kashi 15 ɗin?

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun jiya, na bari sai da na samu natsuwa domin maganar ba ta layi biyu ba ce. Idan na fahimce ka, kana son gina gida mai ɗakuna huɗu a Kano alhali kana aiki a Legas, kuma maginin da aka haɗa ka da shi ya ƙi karɓar aikin a jinga. Ya ce kai za ka biya duk abin da aka kashe na kaya da na ma'aikata, shi kuma ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari a kai, sannan ya nemi kuɗin mai da na tsayuwa a kan aiki duk mako. Kana son sanin ko wannan adalci ne. Ni ba injiniya ba ne, amma da irin wannan tsari na gina gidana tsakanin 2022 da 2024, daga baya kuma na tsaya wa yayana a kan nasa, saboda haka abin da zan faɗa maka abin da ya ci mini kuɗi ne kafin na koye shi.

Da farko kada ka ga laifinsa don ya ƙi jinga. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, babu mai hankalin da zai yanke maka kuɗin gida gaba ɗaya ya ce ya tsaya a kai har a gama. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, rodi da kwanon rufi ma suka bi sahu. Maginan da na sani waɗanda suka karɓi jinga kafin lokacin, wasu sun gudu sun bar aiki a linta, wasu kuma sun rama asararsu a inda mai gida ba ya gani, wato suka rage siminti a kwaɓi, suka sa rodin da bai kai kauri ba. Tsarin da ya kawo maka ya fi aminci ga ginin kansa, domin ba shi da dalilin tauye kaya. Illarsa ita ce ba shi da dalilin tattali kuma, tunda duk abin da aka ƙara kashewa ƙari ne a aljihunsa.

Game da kason kuwa, abin da na saba gani a hannun masu gina wa mutane gidajen zama yana tsakanin kashi 10 zuwa 15. Ƙaramin aiki, ko mai nisa, ko mai wahalar zane, yakan ja kason sama, babban aiki kuma yakan sauko da shi. Don haka 15 yana can sama, amma ba zalunci ba ne idan ya ƙunshi komai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kuɗin mako da ya ɗora a kai. Ka tambaye shi, kashi 15 ɗin ladan mene ne? Ai ladan lokacinsa ne, da zirga-zirgarsa, da wayar da yake bugawa, da yaron da yake bari a wurin, da ribarsa. Idan ya karɓi wannan sannan ya karɓi kuɗin tsayuwa, an biya shi sau biyu a kan aiki ɗaya. Ko dai ya ɗauki kason kawai, ko kuma a sauko da shi zuwa 10 a yanke masa wani abu sananne na mai. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: a rubuta kwana nawa zai zo a mako, a kuma rubuta cewa ranar zuba kankare shi da kansa zai zo, ba zai turo wakili ba.

Sai dai, Malam, inda nake so ka fi mayar da hankali ba kason ba ne, abin da ake ɗora kason a kansa ne. Bari na ba ka misali da lissafi mai sauƙi. A ce ginin zai ci naira miliyan 40. Kashi 15 miliyan 6 ne, kashi 10 kuma miliyan 4, wato duk cinikin da za ka yi da shi a kan miliyan 2 ne. To a ce ka yi nasara ya sauko zuwa 10, amma kowane rasit da ya kawo maka an ɗora masa kashi 10 a kan farashin gaskiya. Ka biya miliyan 4 na banza, sannan ka biya shi lada a kan wannan ƙarin, dubu 400. Ka ga wanda ya karɓi 15 da rasit na gaskiya ya fi maka araha nesa ba kusa ba. Mutane da yawa suna kwana uku suna jayayya a kan kaso, su tashi suna murna, alhali ƙofar da kuɗin ke fita a buɗe take.

Na gane haka ne ranar da na bi maginina Kasuwar Ƙofar Ruwa sayen rodi. Mai shagon bai san ni ne mai ginin ba, da aka gama ciniki ya ɗauko littafin rasit ya dubi maginin ya ce, nawa zan rubuta? Maginin ya yi dariya ya ce ga mai gida nan. Ban yi faɗa ba, domin abin ya zama al'ada har wasu ba sa ɗaukarsa komai, suna kiransa la'ada. Amma a wannan tsari la'adar ba halal ɗinsa ba ce, tunda an riga an yanke masa lada. Duk ragin da ɗan kasuwa ya yi saboda an sayi kaya da yawa, da kuɗinka aka samo shi, kai ya kamata ya dawo wa. Ko a fiƙihu, cinikin murabaha, inda mai sayarwa ke faɗin abin da ya sayi kaya sannan ya ɗora riba sananniya, malamai sun sa shi cikin cinikayyar amana, domin gaba ɗayansa ya rataya ne a kan gaskiyar farashin farko. Daga ranar na canja tsari: shi zai rubuto jerin kaya, ni ko wakilina mu tambayi shaguna biyu ko uku, sannan in tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun mai shago. Yana samun kasonsa cikakke, amma kuɗin kaya ba ya bi ta hannunsa.

Tunda kana nesa, ka koyi ƙirga abubuwa kaɗan, ko ka samu wanda zai ƙirga maka. Rodi mai tsawon mita 12, idan mai milimita 12 ne, tan ɗaya yana ba da sanda 93 ko 94; idan mai 16 ne, 52 ko 53. Idan aka ce maka an sayi tan biyu, a ƙirga sanduna a gaban wakilinka, a kuma auna kaurin, domin akwai rodin da ake kira 12 alhali bai kai ba. Bulo kuma kusan goma ne ke cike murabba'in mita ɗaya na bango, saboda haka daga zanen gidan ana iya sanin adadin da ake buƙata, a ƙara kaɗan saboda fashewa. Siminti kuwa, ni buhunan da aka juye nake sa a tara mini a sito, a ƙirga duk Juma'a a gwada da abin da aka saya. Maginina ya ji haushin wannan a makon farko, daga baya shi da kansa ya ce ya huta da zargin leburori. Haka ma kuɗin ma'aikata: lokacin da za a yi jinga da birkila, da kafinta, da mai ɗaurin rodi, da mai wayarin, a kira ka a waya ka ji kuɗin da bakin mai aikin. Ranar zuba dekin ce aka fi cusa sunayen leburorin da ba su zo ba, don haka a ɗauki hoton su da safe.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata kason ya hau kansu ba ko kaɗan. Kuɗin fili, da kuɗin mai zane, da abin da za ka biya hukumar tsara birane ta Jihar Kano, wato KNUPDA, don samun izinin gini, da kuɗin mita da jawo wuta, duk babu guminsa a ciki. Kayan ƙawa kuma su ne inda aka fi samun saɓani. Idan ka zaɓi tayil mai tsada ninki uku, ko ƙofar ƙarfe ta waje, ko fitilu masu kyau, aikin maginin bai ƙaru da komai ba, amma kasonsa zai ninka. Abin da muka yi a gidan yayana shi ne, duk abin da mai gida ya saya da kansa, magini yana ɗaukar kaso a kan kuɗin sa shi kawai. Idan kuma shi aka aika ya zaɓo ya yi dako, aka ba shi kashi 5. Shebur, da kwanon sarki, da baro, da katakon dekin, idan da kuɗinka aka saye su, naka ne bayan an gama, kuma katakon nan yana da daraja idan aka sayar.

Batun gyaran kuskure ma a fayyace shi tun ran gini tun ran zane. A nawa ginin an ɗora bangon banɗaki ba inda zane ya nuna ba, sai da aka kai rabi aka rushe. Da lissafin wata ya zo, na tarar da bulon da aka fasa, da simintin, da kuɗin birkila sau biyu, da kashi 15 a kan duka. Wato kuskurensa ya zame masa riba. Mun daidaita a kan cewa duk abin da ya saɓa wa zane daga aljihunsa za a gyara. Amma adalci bai tsaya a gefe ɗaya ba. Bayan an kai linta uwargida ta zo ta ce kicin ya yi ƙanƙanta, aka rushe bango aka faɗaɗa, wannan kam ni na biya har da kasonsa, kuma haka ya dace. Duk canjin da ya fito daga wurinka, ka rubuta masa shi ko da a saƙon waya ne, da ƙiyasin kuɗinsa, kafin a taɓa bulo ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hauhawar farashi. Simintin da na fara saya a 2022 ya ninka fiye da sau biyu kafin na gama filasta. Yawan buhunan bai canja ba, wahalar maginin ba ta ƙaru ba, amma ladansa a kan siminti ya ninka shi ma, a daidai lokacin da ni nake neman bashi. Da zan sake, ba zan bar ladan yana yawo da kasuwa ba. Zan biya mai ƙiyasin gini mai rajista ya fitar mini da jerin kaya da aiki dalla-dalla daga zane, kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da abin da yake tsarewa. Daga jimlar da ya fitar sai mu yanke ladan magini ya zama kuɗi tsayayye, a ce kashi 12 na ƙiyasin, a raba shi mataki-mataki: bayan fandisho, bayan linta, bayan rufi, bayan filasta da wayarin, sai na gamawa. Da zarar ladan ya tsaya, ba shi da amfanin jan aiki ko kumbura kashe kuɗi. Idan kana so ka ƙara masa ƙaimi, ka ce duk abin da ya rage daga adadin kayan da aka ƙiyasta, ba tare da an tauye inganci ba, za ka ba shi wani abu a ciki. Sannan ka riƙe kashi 5 na ladansa har wata shida, ni ma na fi son har damina ɗaya ta wuce, domin ruwan Agusta ne ke tona asirin rufi da magudana.

Shi ma yana da haƙƙi a kanka a nan. Idan kuɗi ya yanke maka aiki ya tsaya shekara guda, ba daidai ba ne ka ce ya dawo a kan tsohon lada bayan naira ta zube. A rubuta cewa idan tsaikon ya wuce wata shida daga ɓangarenka za a sake duba ragowar. Kada kuma ka sa shi ya riƙa cin bashin kaya da sunansa yana jiran albashinka, domin mai shagon da ya ba da bashi zai ɗora nasa, kuma daga nan ne rasit ke fara lalacewa. Idan ginin bene ne, ka ware kuɗin injiniya mai rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, wato COREN, wanda kai za ka biya, ba magini ba, ya zo ya duba ɗaurin rodi kafin kowace zuba. Wanda ake duba aikinsa bai kamata ya zama shi ke biyan mai dubawa ba.

Duk wannan a rubuta shi a takarda, da shaidu biyu, ko da maginin ɗan'uwa ne, musamman ma idan ɗan'uwan ne. Ka kai masa tayin kashi 12 tsayayye babu kuɗin mako, ka bar wa kanka damar hawa zuwa 13 ko ma 15 idan ka ga ayyukansa na baya ka kuma yi magana da masu gidajen ba a gabansa ba. Amma ka lura da fuskarsa lokacin da ka ce kai za ka riƙa biyan masu shago kai tsaye. Idan ya ce babu komai, ku ci gaba. Idan ya fara cewa ba a yarda da shi ba, ko ya ce masu shagon ba sa sayar wa kowa sai shi, ka nemi wani tun ba a haƙa fandisho ba, domin canja magini bayan an kai linta tsada gare shi: sabon da zai zo zai fara ne da kushe aikin na farko, kuma kai za ka biya kuɗin rushewar. Allah ya sa a fara a sa'a, ya kuma ba ka ikon gamawa.