Tambaya da Amsa: Keke da kwanon abinci a garin Hoi An

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wurin aikinmu za su tura ni taro birnin Da Nang na ƙasar Biyetnam a watan Maris, kuma akwai kwana biyu da babu zama. Abokan tafiya sun ce akwai wani tsohon gari kusa, Hoi An, ana zagaya shi a kan keke, ana ɗanɗana abincin gargajiya, ɗan jagora yana ba da tarihi. Har sun turo mini tallan rangadin. Ina so in je, amma abu biyu na damuna: baburan ƙasar da nake gani a bidiyo, da kuma abin da za a zuba mini a kwano. Rabona da hawa keke tun ina sakandare. In biya kuɗin rangadin ko in haƙura? Ƙaninka, mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je, kada ka haƙura. Amma kuɗin rangadin ka riƙe abinka tukuna, sai ka ji dalili.

Baburan da suka tayar maka da hankali su ne ƙaramin lamarin. Cunkoson da kake gani a bidiyo na Hanoi ne da birnin Ho Chi Minh. Hoi An ƙaramin gari ne, kimanin kilomita 30 kudu da Da Nang, a shimfiɗe bakin kogin Thu Bon, babu hawa babu gangara in ba a kan gada ba. Tun watan Yulin 2025 ma an haɗe lardinsa na Quang Nam da Da Nang, yanzu hukuma ɗaya ce. A hannun dama ake tuƙi. Abin da hanya take nema a wurinka shi ne a iya karanta ka: ka tafi da gudu ɗaya, kada ka ja birki kwatsam, in za ka sha kwana ka miƙa hannu tun da wuri. Mai babur zai kauce maka da kansa. In ka ji an danna ham a bayanka ba faɗa ake nema ba, sanar da kai ake cewa ga wani nan tafe. Bas da tifa kuwa ba a musu da su, ka ba su hanya.

Keken ba wahala. Masaukai da yawa suna ba baƙinsu aro kyauta, haya kuma galibi ba ta wuce dala ɗaya ko biyu a yini. Irin mai giya ɗaya ne, kwando a gaba, kariya a baya. Kafin ka hau, matsa birki biyun ka gani, latsa tayoyi, a ɗaga maka sirdi domin yawanci an saita shi ga gajeru, sannan ka karɓi makulli. Garin kusa da teku yake, iskar gishiri tana cin ƙarfe, saboda haka kada ka karɓi wanda kacarsa ta yi jajir da tsatsa.

Maris lokaci ne mai kyau. Ruwan sama da ambaliya daga Satumba zuwa Disamba suke, zafi mai tsanani kuma sai wajen Mayu zuwa Agusta. Duk da haka ka fita da sassafe, bayan sallar asuba in gari ya ɗan waye. Ka nufi arewa, kilomita uku, zuwa ƙauyen Tra Que inda ake noman ganye. Fangali-fangali ne a jere, na'a-na'a, ɗoɗɗoya, latas, albasa mai ganye, kuma da gansakukar da suke kwasowa daga kogi suke takinsu. Ka tsaya ka kalli yadda ake ban ruwa: manomi ya saɓa sanda a kafaɗa, gwangwani biyu manya suna reto a kowane gefe, ya sauka cikin kududdufi ya cika su ba tare da ya sauke ba, ya hau, ya bi tsakanin kunya yana karkata su lokaci ɗaya, ruwa na fita kamar yayyafi. Ana gayyatar baƙi su gwada. In ka gwada, kafaɗarka za ta ba ka labari da dare. Daga nan bakin teku na An Bang ɗan taƙi ne. Washegari kuma ka haye gada zuwa tsibirin Cam Kim, wurin kafintocin Kim Bong da masu saƙa tabarma, ko ka yi yamma zuwa Thanh Ha wurin magina tukwane. Hanyoyin tsakanin gonakin shinkafa 'yan siraran siminti ne, kuma za ka iya cin karo da ɓauna a tsaye a kan hanya ta ƙi motsi. A nan keke yake da rana.

Cikin tsohon garin kuwa, ni a ganina sauka ake. Ana hana babur da mota shiga a wasu sa'o'i na safe da na yamma, an bar keke, amma da la'asar jama'a sukan cika layukan har ka rasa inda za ka sa taya. Ka ajiye shi wurin masu gadin kekuna, ka biya ɗan abin da suka ce, ka sayi tikitin baƙi, dong 120,000 a kuɗin ƙasar, wanda ke ba ka damar shiga wurare biyar.

Tarihin garin a takaice shi ne tashar jiragen ruwa ce da kogi ya ɗaukaka, kogi kuma ya yasar. Daga ƙarni na 15 zuwa na 19 fatake daga Sin, Japan, Fotugal da Holand suna zuwa sayen siliki, kirfa, sukari da tangaran. Turawa suna kiran wurin Faifo. Da yake jiragen iska ne, sai iskar wani lokaci ta kawo su, su zauna watanni suna jiran wadda za ta mayar da su, har suka gina unguwanni. Japanawa sun yi tasu, ga gadarsu nan mai rufi har yau, gumakan karnuka a baki ɗaya, na birai a ɗaya bakin, da ɗan wurin bauta a tsakiya. An yi mata gyara babba aka sake buɗe ta a 2024. Hotonta ne a bayan takardar dong 20,000, kuma ka lura da takardar nan da kyau, domin launinta ya yi kusa da na 500,000, baƙi suna yawan miƙa babbar a madadin ƙaramar. A shekarun 1630 masu mulkin Japan suka hana mutanensu fita waje, unguwarsu ta mutu, Sinawa suka gaje kasuwa, shi ya sa za ka ga zaurukan taronsu irin na mutanen lardin Fujian na Sin. Yaƙin tawayen Tay Son na shekarun 1770 ya ɓarnata garin, aka sake gina shi, sannan yashi ya cike bakin kogi, manyan jirage suka koma Da Nang. Talaucin da ya biyo baya shi ya hana a rushe gidajen a gina sababbi, yaƙe-yaƙen da aka yi da Faransa da Amurka a ƙasar kuma suka tsallake shi. Wani masanin gine-gine ɗan Foland, Kazimierz Kwiatkowski, ya yi ta faman a adana shi tun shekarun 1980, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

A cikin tikitin nan naka kada ka bar gidan Tan Ky. Gidan fatake ne mai kimanin shekara 200, siriri, dogo, ƙofa ɗaya a kan titi don ciniki, ɗaya a bakin kogi don sauke kaya. A bangon ciki akwai layuka da kwanan wata a rubuce, kowanne yana nuna inda ruwan ambaliya ya tsaya a wata shekara, wasu sun haura kan mutum. Ka ɗaga kai za ka ga ƙofa a rufin da igiya, ta nan ake janye kujeru da kaya zuwa bene in kogi ya fara tasowa.

Kafin duk waɗannan, ƙasar ta mutanen Cham ce, masu daular Champa. Kufan wuraren bautarsu na jan bulo yana My Son, kilomita 40 daga gari, inda har yanzu ake ganin ramukan bama-baman Amurka na 1969. Can ba na keke ba ne, in kana so ka shiga mota. Wani ɓangare na jikokin Cham ɗin Musulmi ne a yau, musamman a lardin An Giang kusa da iyakar Kambodiya.

To, ga babbar maganar, kwano. Abincin da Hoi An ta yi suna a kansa kusan duk alade ne a ciki. Cao lau, wanda kowane ɗan jagora zai fara kai ka wurinsa, taliya ce mai kauri da ake jiƙa shinkafarta da ruwan toka, ana cewa asalinta sai da ruwan tsohuwar rijiyar Ba Le, amma abin da ake ɗora mata yankakken naman alade ne da romonsa. Banh mi, burodin da suka gada daga Faransawa, ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade kafin a sa komai. Mi Quang, taliya mai kurkum da gyaɗa, ko ka ce ta jatanlande kake so, romon yakan fito daga ƙashin alade ko kaza. 'Yan ƙullin nan farare da ake kira farar fure, jatanlande ne, amma sau da yawa ana gauraya shi da alade. Com ga, shinkafa da kaza, babu alade, sai dai ba yankan Musulmi ba ne, kuma shinkafar kanta da romon kazar ake dafa ta. Cewa "a cire naman" ba ya raba ka da komai, tunda romo da mai suna nan.

Shi ya sa na ce ka riƙe kuɗinka. Rangadin ɗanɗane da aka tsara wa kowa da kowa, za ka biya ne ka zauna kana kallon mutane suna ci, kana girgiza kai a kowane zango, kana ba mai abinci kunya. In abokanka sun nace, ka rubuta wa masu shirya shi tun kafin ka biya, ka ce na marasa cin nama kake so, su tabbatar maka a rubuce. Akwai masu yi.

Mafitar da ta fi sauƙi kalma ce mai harafi huɗu da za ka riƙa nema a allunan shaguna: chay. Abincin mabiya addinin Buddha ne, babu nama, babu kifi, babu kitsen dabba. Mutanen ƙasar da yawa suna cin sa a ranar 1 da 15 ga wata a kalandarsu ta gargajiya mai bin lissafin wata, saboda haka kowane gari yana da shagunansa, kuma suna da arha. A can za ka sami cao lau ɗin da mi Quang ɗin, taliya iri ɗaya, ganyen Tra Que iri ɗaya, an maye nama da awara da laimar kwaɗi, wato mashrum. In ka ga abu mai kama da nama a kwanon kada ka zabura, da waken suya ko alkama aka yi shi. Sa'arka ɗaya, rubutunsu da haruffan boko ne, aikin da limaman Kirista na Turai suka fara a wannan yankin a ƙarni na 17, don haka allo ba zai gagare ka ba. Ka sa a rubuta maka "không thịt heo, không mỡ heo" a takarda, wato ba naman alade, ba kitsensa, ka riƙa nunawa, domin in ka ce za ka furta, muryar harshen za ta kayar da kai.

Sai abincin teku. A An Bang za ka nuna kifi ko kaguwa da yatsa a gasa maka, kuma a mazhabar Malikiyya abin da ya fito daga ruwa halal ne. Ka ce a gasa a kan garwashi, kada a sa giya. Miyar nuoc mam da ke kowane tebur kifi ne da gishiri aka tsima, warinta ya fi ɗanɗanonta tsanani. Akwai kuma gidajen abincin Indiya masu alamar halal a Hoi An da Da Nang, ranar da ka gaji da ganye. Abin sha ba matsala: ruwan rake, ruwan kwakwa, da kofi mai ɗiga a hankali kan madarar gwangwani. Biyetnam ce ta biyu a noman kofi bayan Brazil, kuma nasu yana da ƙarfi, kada ka sha bayan la'asar in kana son barci.

Sallah, ka tafi da dardumarka a kwandon keke. Sanannun masallatan ƙasar suna Hanoi da Ho Chi Minh, a Hoi An ɗakinka ne masallacinka. Alƙibla yamma take da ɗan karkata zuwa arewa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana ya ce za mu je Hoi An hutu. Na iya keke, amma ina sa hijabi da doguwar riga. Ba za a yi ta kallona ba? 'Yarka a Musulunci.

AMSA: Barka kadai 'yata. Kallo kam za a yi, amma na baƙunta ne, ba na hijabi ba. Matan ƙasar da kansu in za su hau babur sukan rufe fuska da takunkumi, su sa safar hannu da zane har idon sawu saboda rana, wasu ido kawai za ki gani. Abin da za ki kula da shi kaca ce. Ki zaɓi keke marar ƙarfen tsakiya wanda aka rufe kacarsa, ki sa wando a ƙarƙashin riga, ki bar dogon hijabi mai jan ƙasa a ɗaki ki sa gajere wanda ba zai kai taya ba. In kin gaji da feda, akwai xich lo, keke mai kujera a gaba da mutum ke tuƙawa daga baya. Ku gama ciniki da shi kafin ki zauna, kuma a rubuta kuɗin a waya kowa ya gani, sifilan dong suna da yawa. In tafiyarku ta dace da daren 14 ga watan kalandarsu, ana rage wutar lantarki a tsohon gari a kunna fitilun siliki, amma cunkoson daren ba na keke ba ne, ku ajiye su a masauki ku taka da ƙafa.