Yadda ake sa ido kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen tafkunan sharar ma'adinai

Tambaya: Ni mazaunin Akokan ne, kusa da Arlit. Ana gaya mana cewa ana auna ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen wuraren da ake zuba sharar yuraniyam. Yaya ake wannan awon, kuma ta yaya za mu san ko abin dogaro ne?

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya, domin mahaƙar COMINAK da ke makwabtaka da kai ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a watan Maris na 2021, ta bar sharar da aka ƙiyasta ta kai kusan tan miliyan 20, kuma yankin ya dogara ne da ruwan da ya taru a ƙarƙashin hamada tun dubban shekaru, wanda ɗan ruwan saman da ake samu ba ya mayar da gurbinsa.

Ana haƙa siraran rijiyoyin burtsatse da ba na sha ba, wasu a ɓangaren da ruwa yake fitowa kafin ya iso tafkin da ake zuba sharar, wasu a ɓangaren da yake gangarawa. Sai an auna zurfin ruwa a rijiyoyi uku aƙalla kafin a gane inda ya dosa. Ranar ɗibar samfur, ma'aikaci yakan fara zuƙe ruwan da ya kwana a cikin bututu, ya auna tsamin ruwan da yawan gishirinsa nan take a bakin rijiya, sannan ya tace shi cikin kwalba, ya ɗiga masa asid don kada ƙarafan da ke ciki su kwanta, ya rubuta rana da lambar rijiya, ya sa a ƙanƙara zuwa ɗakin gwaje-gwaje.

A ganina, mutane suna yawan dogaro da adadin yuraniyam kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikirogiram 30 cikin kowace lita ta ruwan sha (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), amma da yake da asid na farar wuta ake narkar da ma'adinin, sinadarin salfet da ke fitowa daga asid ɗin ne yake riga ƙarafa tafiya cikin ƙasa. Idan ya yi ta hauhawa awo bayan awo, to tafkin yana yoyo, ko da yuraniyam bai kai iyaka ba tukuna. Sakamakon rana ɗaya kuwa ba hujja ba ne, tunda dutsen yankin da ma yana ɗauke da yuraniyam, sai an kwatanta da rijiyoyin da ke sama da tafkin da kuma awon shekarun baya.

Rufe mahaƙa ba ya kawo ƙarshen aikin. Muddin ana haƙa, injuna suna zuƙe ruwa daga ramin mahaƙar, sai ruwan kewaye ya riƙa gangarowa zuwa ramin. Da an kashe su ruwa yakan fara tasowa, yana iya sauya hanya, rijiyar da a da take daidai kan hanyar ruwan ta koma gefe.

Saboda haka ku nemi taswirar rijiyoyin, da sakamakon kowace rijiya na shekaru a jere, ba matsakaicin adadi ba. Ku kuma nemi a raba samfur gida biyu, a kai ɗaya ɗakin gwaji mai zaman kansa, irin cibiyar CRIIRAD ta Faransa, wadda ta fara auna ruwan Arlit tun 2003.