Ba raki ba ne, iskar ce: amsa ga ɗan'uwan da ya gaji da hawan keke cikin iska

Ɗan'uwa, sannu da fama. Tambayarka ta taɓa ni, domin ciwon da ka kwatanta na san shi, duk wanda ya daɗe a kan sirdi ma ya san shi. Ka ce hanyar da ka saba yi a kilomita 25 cikin awa, ran da iska ta taso da ƙyar kake kai 15, ka dawo gida gwiwoyi na zugi, abokan hawanka kuma suna ce maka raki ne, wai mai keke na gaske ba ya duba hasashen yanayi. Shi ne kake tambaya ko ka ci gaba da fita a irin waɗannan ranakun ko ka jingine keken. To kafin komai ka cire wa ranka cewa ƙarfinka ne ya ragu. Wallahi ba shi ba ne.

Turjiyar iska ba a hankali take hawa ba. In saurin iskar da ke dukan ƙirjinka ya ninka biyu, turjiyar sau huɗu take ninkawa. Kana tafiya a 25 ranar da babu iska, iskar da kake tsagawa 25 ce. Ran da iskar gaba ke kaɗawa a 20, kai kuma ka nace sai ka riƙe 25 ɗinka, 45 kake tsagawa, turjiyar ta ninka sau uku da ɗoriya. Wace ƙafa ce za ta ba ka ninki uku na abin da ta saba bayarwa tsawon awa guda? Kuma kada kowa ya ruɗe ka da cewa ai a dawowa za ka fanshe. Ba a fanshewa. Ɗauki kilomita 20 zuwa, 20 dawowa. Ka je a 15, minti 80 ke nan. Ka dawo a 30, minti 40. Awa biyu cur a kilomita 40, wato 20 a awa, alhali da babu iskar da ka gama a awa ɗaya da minti 36. Ka fi daɗewa a ɓangaren wahala, shi ya sa kowa yake ji kamar iska kullum a gabansa take.

Zugin gwiwar nan kuwa daga giya yake. Kana ganin lambar gudu tana sauka a na'ura, zuciya ta ɗebe ka, ka bar sarƙa a giya mai nauyi kana danna feda da ƙarfin tsiya, ƙafa na juyawa sau 55 ko 60 a minti. Nauyin duka a gaban gwiwa yake sauka. Ka sauke giya biyu ko uku har ƙafa ta koma juyi 80 zuwa 90 a minti. In ba ka da na'urar ƙirga, ka ƙirga sau nawa gwiwar dama ta taso cikin daƙiƙa 15, ya kamata ta kai 20 zuwa 22. Lambar gudun ma ka juyar da ita ka daina kallo, numfashinka za ka saurara: in za ka iya faɗin gajeriyar magana ba tare da ta yanke ba, kana daidai. Kada ka miƙe tsaye a kan feda don ka yi wa iskar gaba ƙarfi, ƙara mata faɗin jikin da za ta kama kawai kake yi.

Kusan kashi uku cikin huɗu na turjiyar jikin mahayi ne ke jawo ta, ba keken ba. In kan kekenka mai lanƙwasa ƙasa ne irin na tsere, kama ƙasan. In miƙaƙƙe ne, lanƙwasa gwiwar hannu, matso da ita jikin haƙarƙari, saukar da ƙirji, amma hannu ya zauna inda yatsa ke kai wa birki. Rigar da ke filfila a baya, jaka mai faɗi, kaya da aka ɗaure a kariya suna leƙowa gefe, duk ka rage. Iska na wahalar da mai kayan kara, kuma a kan keke wannan ba karin magana ba ce kawai.

Amma ɗan'uwa, iskar gaba gajiya kawai take sa mutum. Wadda take kwantar da mutane a asibiti ta gefe ce, kuma ita ce masu cika bakin nan ba sa magana a kanta. In iska na zuwa daga ɓangaren da motoci suke, jikinka da kansa yake jingina gare ta, kana tafe a karkace ba ka ma sani ba. Sai tirela ta taho ta bayanka. Da farko iskar da goshinta ya turo ta hankaɗa ka waje. Kafin ka daidaita, dogon jikinta ya tare iskar da kake jingine da ita, abin da ka dogara a kai ya ɓace, keken ya zame ya nufi tayoyinta. Kana ganin manyan tayoyin nan suna juyawa dab da gwiwar hannunka, ƙara ta cika kunne, ƙura ta rufe ido. Wutsiyarta na wucewa ta ja ka zuwa tsakiyar titi, sannan iskar asali ta dawo ta mare ka gaba ɗaya. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wanda ya taɓa shiga wannan halin hannunsa yakan daɗe yana rawa bayan motar ta yi nisa, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da ke ƙona mini rai shi ne direban da yake ganin mutum na tangaɗi a gabansa, ga fili a ɗaya hannun, amma ya ƙi matsawa ko taku ɗaya, ya ƙi ɗaga ƙafa daga totur, wani har ya danna oda a kunnenka lokacin da kake buƙatar duk hankalinka. Rai ne fa a kan keken nan, yana da iyali da ke jiransa. A Jamus tun 2020 doka ta ce mai mota ya bar mita 1.5 tsakaninsa da mai keke a cikin gari, mita 2 a wajen gari. Ranar iska mita biyun ma ba ta yi yawa ba. Amma ba za ka ɗora ranka a kan tausayin direban da ba ka sani ba.

Don haka da ka ji ƙarar babbar mota a baya, hannu biyu a kan keke, ka sunkuya, nauyinka ya ɗan koma kan tayar gaba, yatsu a kan birki amma kada ka matse. Ka ci gaba da juya feda, keken da ake tuƙawa ya fi wanda aka saki tsayuwa a kan layinsa. Kada ka ƙanƙame kan keken, domin in hannu ya sandare duk fizgar da ta bugi kafaɗarka kai tsaye take sauka a tayar gaba. Riƙo mai kyau a tafin hannu, gwiwar hannu a sake. Kada kuma ka manne da bakin kwalta. Ka bar kamar mita ɗaya, don in an hankaɗa ka ka sami inda za ka je ban da rami. In kuwa iskar daga bakin hanya take turo ka cikin motoci, wannan ta fi muni, ka sauya hanya ko ka sauka ka tura. Sauran wuraren da take yi wa mutum kwanton ɓauna: ƙarshen doguwar katanga, tsakanin dogayen gine-gine biyu, inda jerin bishiyoyi ya yanke, kan gada, da fitowa daga hanyar da aka fasa dutse. Ka riƙa kallon mita 50 a gabanka. In ka ga ƙura ko busassun ganye suna tsallaka titi a guje, ka san abin da ke jiranka, ka shirya kafin ka isa.

Su kuwa masu cewa raki ne, a tambaye su ko sun fi ƙwararrun duniya. A tseren Gent-Wevelgem na ƙasar Beljiyam a 2015, iska ta riƙa ɗauke mahaya daga kan titi, Geraint Thomas, shahararren ɗan tseren keke na Birtaniya, da kansa ta watsar da shi a bakin hanya, mutum 39 kacal suka kai ƙarshe. Waɗannan mutane ne da hawan keke ke ciyar da su, a hanyar da aka hana motoci shiga. A Holan akwai gasar tuƙi cikin iskar gaba da aka fara a 2013, kilomita 8.5 a kan shingen teku na Oosterscheldekering, da keke mara giya, kuma ba a yin ta sai iska ta kai mataki na 7 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort. Mutanen da suke neman iska da gangan ke nan, amma su ma a 2020 dakatar da gasar suka yi tana tsaka da gudana saboda guguwa ta wuce misali. To wane ne abokinka da zai ce shi ba ya duba yanayi? Na san akwai masu son iska da gaske, suna ɗaukarta horo, kuma suna da gaskiya, awa ɗaya a iskar gaba tana gina ƙafa kamar doguwar hawa. Ba su nake nufi ba. Waɗanda nake nufi su ne masu jan sabon mahayi zuwa buɗaɗɗiyar hanya ranar da bishiyoyi ke rangaji, su tsere su bar shi shi kaɗai da tireloli, ya iso a galabaice su yi masa dariya. Mutane da yawa a nan suka bar keke, ba don sun gaza ba, don an wulaƙanta su ne. Alhali wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wahalarsa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Abokin kirki bayansa zai ba ka, ba baƙar magana ba.

Maganar ko ka fita ko kada ka fita, lamba biyu ce a hasashen yanayi: saurin iska na yau da kullum, da na fizga mai zuwa kwatsam. Ta biyun za ka duba, ita ke kayarwa. Ka sani kuma a tsayin mita 10 ake auna ta, a tsakanin gidaje da bishiyoyi ba za ka ji ta kai haka ba, a fili ko kan gada kuwa za ka ji ta kusan duka. In ba waya a hannu, bishiya ta isa. Ƙananan bishiyoyi na rangaji, mataki na 5 ke nan a ma'aunin Beaufort, kilomita 29 zuwa 38 a awa: za ka sha wuya amma ana fita. Manyan rassa na motsi, laima ta ƙi riƙuwa, mataki na 6, 39 zuwa 49: a ganina sai wanda ya ƙware, a hanya mai kariya mara manyan motoci. Bishiya gaba ɗayanta na kaɗawa, tafiya a ƙasa ma na wuya, mataki na 7, 50 zuwa 61: ka zauna a gida, ko waye ya kira ka. Mai ƙaramin jiki ya rage waɗannan lambobin, iska ta fi saurin ɗaukarsa. Galibi da asuba ta fi kwanciya, ta tashi in rana ta yi. Ka fara tafiyar kana fuskantarta tun da sauran ƙarfi, ta turo ka gida, ka kuma yanke nisan da ka saba da kashi ɗaya cikin uku.

Ruwa ma, kada in manta. Iska na busar da gumi tun kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka zufa, ƙishirwa ta kama ka ba shiri. Kamar rabin lita zuwa sama a kowace awa, amma in ana fizga ka tsaya ka sha, kada ka saki hannu ɗaya don gora. Tabarau dole ne, tsakuwa ɗaya a ido ta isa ta kai ka ƙasa. Hular kwano a ɗaure igiyarta sosai. Iskar baya kuma tana da nata sharrin: shiru za ka ji, daɗi ya kwashe ka, ba ka san ka kai 40 ba sai kwana ta zo, birkin da ka saba ya ƙi isa.

In kuna tafiya a rukuni cikin iskar gefe, mafaka ba a bayan na gaba kai tsaye take ba. Iska daga hagu, mafakarka bayansa ta dama. Amma wannan jeri na karkace yana cin faɗin titi, a hanyar motoci ku rabu uku-uku ko huɗu-huɗu, na gaba ya ja daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya ya koma baya. Ka kula kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya dab da dab, fizga ɗaya za ta haɗa su, kuma na baya ne ke faɗuwa.

Ba ka faɗi irin wilin da ke kekenka ba, kuma yana iya zama rabin matsalar. Wili mai zurfin milimita 50 ko 60 (wato faɗin da'irar da taya ke zaune a kai, in ka dube ta daga gefe) a gaba yana kama iskar gefe ya murɗa kan keken a hannunka. Na baya bai cika damu ba tunda ba ya juya kai, ko da yake a gasar Ironman (ninƙaya, keke da gudu) ta Kona a Hawaii an hana rufaffen wili mai kama da faifai saboda iskar wurin. Ranar iska ka sa mai zurfin 25 zuwa 35 a gaba. Ka duba wuyan keken ma: matse birkin gaba, ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas ya saki, a ɗaure shi kafin ka fita, domin sakakken wuya da fizgar iska a gangara su ke haifar da karkarwar nan ta tayar gaba. In ta kama ka, matse ƙarfen tsakiya da gwiwoyi biyu, sassauta riƙo, ka rage gudu a hankali da birkin baya. Ka auna zurfin wilin naka ka gaya mana, da nauyinka, da ko hanyar taka tana bi ta kan gada, sai mu san ta inda za a fara gyara.