Sabuwar mesa ta ƙi cin abinci? Ƙyale ta tukuna

Ɗan'uwa, ka ce kwana huɗu ke nan da ka karɓi 'yar mesa, irin mai dunƙulewar nan kamar ƙwallo idan ta tsorata, sau uku kana miƙa mata ɓera tana kau da kai, kana fargabar ko ciwo ne. Ni a ganina lafiyarta lau, yawan miƙawar ne ke ƙara firgita ta. Haka na yi wa tawa ta farko.

A dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya inda asalinta yake, cikin ramin ɓera ko tsohon suri take wuni, sai dare ta leƙo. Idan tana haɗiya bakinta a cike yake, ba gudu ba kare kai, shi ya sa ba ta yarda ta ci sai hankalinta ya kwanta. To dubi halin da taka take ciki: baƙon akwati, baƙon wari, ga ƙaton hannu yana ɗaga murfi safe da yamma. Ba ta mako guda cur. Kada ka ɗauke ta, kada ka fito da ita don abokai su gani, ruwan sha kawai za ka riƙa canzawa. Na san ɗokin sabon abu, amma ka daure.

Cikin makon ka gyara mata mazauni, don a nan matsalar ta fi yawa. Akwatin ya zama da gefe biyu: gefen ɗumi ya kai digiri 31 zuwa 32 na Salshiyas, gefen sanyi 25 zuwa 26, kuma ka auna a ƙasa inda cikinta ke taɓawa, ba jikin gilashi can sama ba. Mesa ba ta da zafin jikin kanta, da zafin waje take narkar da abinci; in babu shi ba za ta ci ba. Sai maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe, matsattsu yadda in ta naɗe jikinta zai taɓa bango. Ni ƙaton akwatin gilashi na saya da maɓoya mai faɗi, ina ganin gata na yi mata. Mako uku ko kallon ɓera ba ta yi ba. Da na huda ɗan ƙaramin kwali na sa mata, na manne takarda a gefe uku na gilashin, a gwaji na gaba ta cafke.

Ka tambayi wanda ya sayar maka me ta saba ci, wane irin ɓera, mai rai ko daskararre, ka fara da shi. Kuma don Allah kada ka kamo mata ɓeran gida, ba ka san ko ya ci guba ba, ga tsutsar ciki. Kaurin ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. In kana da sikeli, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta: mesa mai giram 80, ɓera mai giram 8 zuwa 12, duk bayan kwana 5 zuwa 7.

Ga yadda nake yi da daskararre. Nakan sauke shi daga firiza zuwa firji ya kwana, da dare in sa shi a leda in tsoma a ruwan ɗumi, in matsa cikinsa da yatsa in tabbatar babu sauran ƙanƙara. Sannan in tsoma kan kaɗai a ruwa mai ɗan zafi. Ka lura da 'yan ramukan da ke jere a leɓenta na sama? Da su take jin ɗumin abin farauta, ɓera mai sanyi kuwa a wurinta kamar tsumma ne. Ka rage haske, ka riƙe shi da dogon hantsaki ta bayan wuya, ka ɗan motsa shi a bakin maɓoya, ba a kan hancinta ba. Za ka ga harshe ya fara fita da sauri, wuya ya lanƙwashe, sai wuf, ta nannaɗe shi. Ɗan ja kaɗan don ta zaci mai rai ne, ka saki, ka rufe, ka bar ɗakin. In ba ta kama ba, ajiye shi a bakin maɓoya ya kwana, wasu sai ba kowa suke ci. Da safe in yana nan ka zubar, ka jira kwana biyar aƙalla. In kuwa mai rai ta saba ci, kada ka taɓa barin su su kaɗai. Ɓera yana gatsa maciji har ya yi masa mummunan rauni.

Bayan ta ci, kwana biyu ba taɓawa. Ni murna ta sa na ɗauke tawa washegari ina shafa tudun da ɓeran ya yi a cikinta, kafin dare ta amayo shi. Warin nan har yau ban manta ba. In haka ta faru, mako biyu za ka jira cikinta ya huta, sannan ka ba ta wanda bai kai na baya ba.

Idan idonta ya yi hazo-hazo, launinta ya dushe, saɓa za ta yi, ƙin ci a lokacin ba komai ba ne. Abin da zai kai ka wurin likitan dabbobi shi ne numfashi da baki a buɗe, majina ko kumfa a baki, amai sau biyu a jere, ko nauyinta ya yi ta raguwa har ƙashin baya ya fito. Shi ya sa nake auna tawa duk mako ina rubutawa. In makon hutun ya cika ka auna ta, ka faɗo min nauyinta da zafin gefe biyun, sai mu san girman ɓeran da za ka nema.