Ƙanen da ya ɗauki nauyin Musa bin Maimun

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karanta tarihin Salahuddin sai na ci karo da sunan Musa bin Maimun, wai Bayahude ne, likitan fada. Wani kuma ya ce min malamin Attaura ne, ɗan gidan fatake. Wanne ne daidai, kuma mene ne asalin gidansu?
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Duka biyun haka ne, amma malanta ce gadonsa. Likitanci kuwa rashi ne ya kai shi gare shi.

An haife shi a Kurduba ta Andalus wajen 1138, mahaifinsa Maimun alƙali ne a cikin Yahudawan garin. Da Muwahhidun, wata daular Musulmi daga Maroko, suka ci Kurduba a 1148, zama ya gagari waɗanda ba Musulmi ba, sai gidan ya yi ƙaura. Sun zauna a Fas, suka ratsa Falasɗinu a 1165, suka yada zango a Fustat, tsohuwar Alƙahira.

Wanda ba a cika ambata ba, ni kuwa shi ya fi taɓa min zuciya, shi ne ƙanensa Dawud. Musa yana ganin bai dace mutum ya ci abinci da ilimin addini ba. To da me za a ci? Dawud ne ke fataucin duwatsu masu daraja da jarin gidan, yayan kuma yana zaune kan littattafai.

Wata tafiya Dawud ya bi ayari ya ratsa hamada zuwa Aizab, tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya. Bai tarar da hajar kirki ba, sai ya yanke shawarar wucewa Indiya, ya aiko wa yayansa wasiƙa yana kwantar masa da hankali. Jirgin ya nutse da shi da dukiyarsu, har da kuɗin mutane. Ya bar matarsa da 'yar ƙaramar yarinya. Musa ya yi kusan shekara a kwance, kuma bayan shekara 8 ya rubuta cewa har yanzu makoki yake.

Nauyin gida ya dawo wuyansa, ya kama likitanci gadan-gadan har ya zama likitan Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin. Duk da haka ya rubuta littafinsa Dalalatul Ha'irin, da Larabci amma cikin haruffan Ibrananci. Ya rasu a 1204, kabarinsa na Tabariyya.

Ɗansa Ibrahim, haifaffen 1186, ya zama shugaban Yahudawan Masar, mutum mai yaba ibadar sufaye, kuma shugabancin ya daɗe a zuriyarsa har cikin ƙarni na 14. Ita kuwa wasiƙar Dawud, an tsince ta cikin tsofaffin takardun da aka jibge a wani ɗaki na majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra a Fustat, yanzu tana ajiye a Jami'ar Cambridge ta Ingila.