Tambaya da Amsa: Zan iya shiga gasar hakaton da tsohon aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin kwamfuta, na yi rajistar gasar NASA Space Apps. Ina da manhajar hasashen damina da na fara tun bara. Zan iya gyara ta in miƙa? Wane abu ne kuma ke jawo a cire ƙungiya daga gasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kada ki miƙa ta. Wannan hakaton, wato gasar ƙirƙirar manhaja cikin ɗan gajeren lokaci, da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka (NASA) ta fara a 2012 ta kwana biyu ce, Asabar da Lahadi, kuma abin da alƙalai ke aunawa shi ne aikin da aka yi cikin kwanakin nan. Kafin ranar kina iya haɗa ƙungiya, wadda ba za ta wuce mutum 6 ba, ku karanta ƙalubalen, ku raba aiki. Rubuta lambar manhaja (wato code) kuwa sai an buɗe gasa. Mai duba ma'ajiyarku ta GitHub, shafin da ake ajiye lambar manhaja, zai ga rana da sa'ar da kowane gyara ya shiga. Idan layi dubu biyu suka bayyana a minti goman farko, an gane. Ilimin da kika samu daga tsohon aikin naki ne, ki yi amfani da shi, amma ki rubuta sabo.

Kayan da wasu suka saki kyauta halal ne, muddin lasisinsu ya yarda kuma kun ambaci masu su. Haka hotuna, bayanai, da duk inda kuka nemi taimakon ChatGPT ko makamancinsa: ku rubuta a fili.

Wasu ƙungiyoyin a wajen miƙawa suke faɗuwa. Ana neman bidiyon daƙiƙa 30 ko shafukan gabatarwa da ba su wuce 7 ba, kuma dole mahaɗin ya buɗe ba tare da kalmar sirri ba. Ku gwada shi a wayar wanda ba ya cikin ƙungiyar. Ku miƙa saura awa biyu, domin wuta ko intanet na iya yankewa a daidai ƙurarren lokaci. Kada kuma ku bar mabuɗin API, wato lambar sirrin da manhajarku ke amfani da ita wajen neman bayanai daga wata manhaja, cikin ma'ajiyar da kowa ke gani, ana kwashe shi nan da nan.

Batun ɗa'a ba a sassauci a kansa: cin zarafi, kalaman batsa, ko ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba na iya jawo kora. Idan wani ya takura miki, ki sanar da masu shirya gasar a lokacin, kada ki jira a tashi.